Aikatau Ɗaya, Ma'anoni Barkatai: Fassara "Get" na Ingilishi Zuwa Faransanci

1.0 Gabatarwa

Bugun 1998 na Manufar Ilimi ta Ƙasa ya ba Faransanci matsayin harshen hukuma na biyu a Nijeriya, bugun 2004 kuma ya sake jaddada wannan matsayi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, domin da Faransanci ake gudanar da mulki da karatu a Benin da Chadi da mafi yawan Kamaru, a Nijar ma, inda aka ɗaukaka Hausa zuwa harshen ƙasa a 2025, an bar shi a matsayin harshen aiki. Sai dai ɗalibi Bahaushe a Nijeriya ba ya isa ga Faransanci kai tsaye. Ta kan gadar Ingilishi yake bi, domin da Ingilishi aka rubuta bayanan littafinsa, ƙamusun da ke hannunsa ma na Ingilishi da Faransanci ne. Duk inda gadar nan ta yi rauni, nan ne yake zurmawa.

Ɗaya daga cikin wuraren da gadar ta fi rauni shi ne aikatau "get". Kalma ce 'yar ƙarama mai gaɓa ɗaya, tana kuma cikin aikatan da Turawan Ingila da na Amurka suka fi amfani da su a maganar yau da kullum. Ɗalibi yakan duba ƙaramin ƙamus ya ga "obtenir", ya riƙe ta gam, daga nan duk inda ya ci karo da "get" sai ya dasa ta. Da haka ake samun jimloli irin su "il a obtenu malade" da "elle a obtenu dans la voiture", waɗanda babu Bafaranshen da zai fahimce su.

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa Faransanci ba shi da kalma guda da ta yi daidai da "get", saboda haka neman ta ɓata lokaci ne. Abin da ke fayyace ma'anar "get" shi ne abin da ya biyo bayanta a cikin jimla. Haka kuma takardar za ta nuna cewa a wurare da dama Hausa ta fi Ingilishi kusa da Faransanci a wannan fage, don haka harshen uwa na ɗalibi makami ne da bai kamata manhaja ta yi watsi da shi ba.

2.0 Yanayin Matsalar

Ingilishi ya aro "get" ne daga tsohon harshen mutanen Sikandinebiya, inda kalmar take da siffar "geta", ma'anarta ta asali kuwa ita ce samun abu. Da tafiya ta yi tafiya sai ma'anar ta yi rassa: daga samun abu zuwa samun hali, wato zama, zuwa samun wuri, wato isa, har zuwa sa wani ya yi aiki. A yau kalmar kamar hawainiya take, launin abin da ta jingina da shi take ɗauka.

Irin wannan aikatau ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Aikatan "ci" da "sha" haka suke: ana cin kasuwa, a ci bashi, a ci amana, a ci zaɓe, a ci jarrabawa, kamar yadda ake shan iska, a sha wahala, a sha kashi. Masani Claude Gouffé ya yi nazarin waɗannan aikatau biyu tun a 1966, Philip Jaggar da Malami Buba kuma suka sake duba su a 2009. Babu ɗalibin da zai fassara "ya ci amana" da "manger", domin ya san ba abinci ake nufi ba. Zai nemi "trahir", kamar yadda zai nemi "s'endetter" domin cin bashi, da "remporter" domin cin zaɓe, da "prendre l'air" domin shan iska. Abin da ake bukata shi ne ya ɗauki wannan basira da yake da ita a harshensa ya ɗora ta a kan "get". Faransanci ma yana da nasa aikatan masu fuska da yawa, irin su "faire" da "mettre" da "prendre", sai dai iyakokinsu ba su faɗa daidai da na "get" ba.

A 1958 Jean-Paul Vinay da Jean Darbelnet suka wallafa littafinsu "Stylistique comparée du français et de l'anglais", inda suka zayyana dabarun fassara bakwai. Uku daga ciki su ne suka fi shafar wannan nazari. Ta farko ita ce sauya ajin kalma, wadda suka kira "transposition", kamar a mayar da sifa aikatau. Ta biyu ita ce sauya mahanga, wato "modulation", inda ake faɗar abu ɗaya ta wata fuskar daban. Ta uku ita ce neman takwara, wato "équivalence", inda ake musanya salon magana ɗungurungum da wanda masu harshen suke faɗa a irin wannan hali. Za a ga aikinsu a misalan da ke tafe, waɗanda aka jera da Ingilishi, sannan Faransanci, sannan Hausa.

3.0 Rabe-raben "Get" Bisa Ginin Jimla

3.1 "Get" da Suna

Idan suna ne ya biyo bayan "get" a matsayin karɓau, ma'anar takan kewaya samu, amma Faransanci yana tambayar ta wace hanya aka samu:

(1) I got a letter. / J'ai reçu une lettre. / Na sami wasiƙa.
(2) She got a scholarship. / Elle a obtenu une bourse. / Ta sami tallafin karatu.
(3) He got a job. / Il a trouvé un emploi. / Ya sami aiki.
(4) She got 15 out of 20. / Elle a eu 15 sur 20. / Ta ci maki 15 cikin 20.
(5) Go and get the doctor. / Va chercher le médecin. / Je ka zo da likita.
(6) He got malaria. / Il a attrapé le paludisme. / Zazzaɓin cizon sauro ya kama shi.
(7) The police got him. / La police l'a arrêté. / 'Yan sanda sun kama shi.
(8) I don't get it. / Je ne comprends pas. / Ban gane ba.

A nan za a lura cewa "obtenir" ta dace ne a misali na (2), domin ta fi nuni da abin da aka nema aka kuma yi ƙoƙari kafin a same shi, kamar izini ko takardar shaida ko biza. Abin da ya zo wa mutum yana zaune, kamar wasiƙa ko kyauta, "recevoir" ne. Abin da aka yi cigiya aka dace da shi "trouver" ne, albashi kuwa "gagner" ko "toucher". A misalai na (1) zuwa (3) Hausa ta bi sahun Ingilishi, ta yi amfani da "samu" kaɗai, saboda haka a nan ne ɗalibi ya fi bukatar jagorar malami. Daga (4) zuwa (8) kuwa Hausa ta rarrabe ma'anonin da kanta. Misali na (6) yana da ban sha'awa ta fuskar sauya mahanga: a Faransanci mutum ne ke kama ciwo, a Hausa ciwo ne ke kama mutum, ko kuma mutum ya kamu da shi.

3.2 "Get" da Sifa

Idan sifa ce ta biyo baya, ma'anar ita ce sauyawa daga wani hali zuwa wani. Tarkon da ke nan shi ne "devenir". Kalmar tana aiki a wasu wurare, kamar "devenir célèbre", wato shahara, amma mafi yawan lokuta Faransanci yakan dunƙule aikatau da sifar su zama aikatau guda:

(9) get old / vieillir / tsufa
(10) get thin / maigrir / rame
(11) get fat / grossir / yi ƙiba
(12) get angry / se fâcher / fusata
(13) get tired / se fatiguer / gaji
(14) get worse / empirer, s'aggraver / tsananta
(15) get ill / tomber malade / kwanta rashin lafiya
(16) It is getting late. / Il se fait tard. / Dare ya fara yi.

Wannan shi ne sauya ajin kalma. Hausa ma haka take yi, kasancewar ba ta da yawan sifofi kamar Ingilishi. Bahaushe ba ya cewa "ya zama gajiyayye" idan yana nufin mutum ya gaji. Idan malami ya nuna wa ɗalibi cewa "devenir fatigué" tana da nauyi a kunnen Bafaranshe kamar yadda "ya zama gajiyayye" take da shi a kunnen Bahaushe, to ya gama darasin.

3.3 "Get" da Siffar Aikatau ta Shuɗaɗɗen Aiki

Wannan gini ya kasu gida biyu. A kashin farko mutum ne yake yi wa kansa aikin, Faransanci kuma yakan yi amfani da aikatau mai ɗauke da "se": "get dressed" ya zama "s'habiller", "get ready" ya zama "se préparer", "get married" ya zama "se marier", "get lost" ya zama "se perdre", "get used to" kuma ya zama "s'habituer à". Akwai togaciya da ya kamata a ja kunnen ɗalibai a kanta: "get divorced" a daidaitaccen Faransanci "divorcer" ne kawai, ba tare da "se" ba.

A kashi na biyu wani ne ya yi wa mutum aikin, galibi kuma abu ne marar daɗi:

(17) He got caught. / Il s'est fait prendre. / An kama shi.
(18) She got insulted. / Elle s'est fait insulter. / An zage ta.
(19) The glass got broken. / Le verre s'est cassé. / Kofin ya fashe.

Ginin "se faire" tare da aikatau marar lokaci shi ne ya fi kama ruhin "get" a nan. Ya kamata a lura cewa "fait" ba ta karɓar alamar jinsi ko jam'i a wannan gini, shi ya sa aka rubuta "elle s'est fait insulter" ba "faite" ba. Haka kuma Faransanci yana da wakilin suna "on", wanda ke aiki kamar "an" ta Hausa, saboda haka "on l'a arrêté" da "an kama shi" gininsu ɗaya ne.

3.4 "Get" Mai Ma'anar Sa Wani Aiki

(20) I got my car repaired. / J'ai fait réparer ma voiture. / Na sa an gyara mini mota.
(21) He got his hair cut. / Il s'est fait couper les cheveux. / An yi masa aski.
(22) I got the children to read the letter. / J'ai fait lire la lettre aux enfants. / Na sa yara sun karanta wasiƙar.
(23) She got him to sign. / Elle l'a convaincu de signer. / Ta shawo kansa ya sa hannu.

Takwarar "faire" a nan ita ce "sa" ta Hausa. Bambancin (22) da (23) shi ne a na biyun akwai lallashi, don haka aka koma ga "convaincre" ko "amener à". Kuskuren da aka fi yi shi ne a bi jerin kalmomin Ingilishi a ce "j'ai fait ma voiture réparée", alhali a Faransanci "faire" da aikatau na biyu manne suke, suna ba ya shiga tsakaninsu.

3.5 "Have Got", "Have Got To" da "Get To"

Waɗannan uku sun yi kama a ido, sun sha bamban a ma'ana. "I have got a car" mallaka ce a halin yanzu, wato "j'ai une voiture", ina da mota. Wanda ya fassara ta da "j'ai obtenu" ya mayar da ita labarin abin da ya wuce. "I have got to go" tilas ce, wato "je dois partir" ko "il faut que je parte", dole in tafi. "I got to see him" kuwa samun dama ce, wato "j'ai pu le voir" ko "j'ai eu l'occasion de le voir". Fassara wasiƙa ko rahoto ba tare da bambance waɗannan ba tana iya mayar da dama ta zama wajibi, wanda ba ƙaramin kuskure ba ne.

3.6 "Get" da Kalmomin Nuna Alƙibla

A 1985 Leonard Talmy ya nuna cewa harsuna sun bambanta wajen bayyana motsi. Ingilishi yakan sa alƙiblar tafiya a cikin 'yar kalmar da ke bin aikatau, irin su "in" da "out" da "up", Faransanci kuwa yakan sa ta a cikin aikatau ɗin kansa. A irin wannan gini "get" kusan fanko ce, 'yar kalmar da ke bayanta ita ce ke ɗauke da saƙon, ita ce kuma za a fassara:

(24) get in / entrer / shiga
(25) get out / sortir / fita
(26) get on / monter / hau
(27) get off / descendre / sauka
(28) get up / se lever / tashi
(29) get to / arriver à / isa
(30) get across / traverser / ƙetare
(31) get away / s'échapper / tsere

Jerin Faransanci da na Hausa sun tafi kafaɗa da kafaɗa, kalma ɗaya ga kalma ɗaya. Amfanin Hausa ya fi fitowa fili a "get back", wadda ke rikita ɗalibai tsakanin "revenir" da "retourner" da "rentrer". Ingilishi ba ya taimakawa a nan, amma Hausa tana yi: "revenir" ita ce dawo, "retourner" ita ce koma, "rentrer" kuma komawa ko dawowa gida. A tsarin giredin aikatan Hausa guda bakwai da F. W. Parsons ya fitar a 1960, giredi na shida mai ƙarewa da wasalin "o" shi ne ke nuna motsi zuwa wajen mai magana, kuma wannan ne bambancin "revenir" da "retourner".

Har ila yau, idan "get out" ta ɗauki karɓau, kamar "he got the car out", Faransanci yakan sauya mataimakin aikatau daga "être" zuwa "avoir". Ana cewa "il est sorti", amma "il a sorti la voiture". Wannan shi ne bambancin "ya fita" da "ya fitar da mota", haka nan "il est descendu" da "il a descendu le sac" su ne "ya sauka" da "ya saukar da jaka". Ƙa'idar da ɗalibai suke haddacewa da ƙyar ashe tana nan a bakinsu tun suna yara.

4.0 Salon Magana

Mafi wuyar sashe shi ne inda "get" ta shiga salon magana, domin a nan ma'anar ba ta fitowa daga tattara ma'anonin kalmomin. Ana iya kasa waɗannan gida uku.

Kashin farko shi ne inda harsunan biyu suka yi tarayya a hoto ɗaya. "Get wind of" a Faransanci "avoir vent de" ce, duka biyun iska suka ambata, Bahaushe kuwa ya ce ya ji ƙishin-ƙishin. "Get on someone's nerves" ita ce "taper sur les nerfs", wato a ishi mutum. "Get the upper hand" kuma "prendre le dessus", wato rinjaya. Irin waɗannan ba su da yawa, kuma haɗarinsu shi ne su sa ɗalibi ya zaci kullum haka abin yake.

Kashi na biyu shi ne inda Faransanci yake da nasa hoton daban. Baturen Ingila da ya wayi gari da baƙin rai ana cewa ya sauka gado ta ɓarin da ba daidai ba, wato "get out of bed on the wrong side", Bafaranshe kuwa da ƙafar hagu yake tashi, "se lever du pied gauche". Mutum biyu da jininsu ya haɗu, Ingilishi ya ce "get on like a house on fire". Faransanci yana da "s'entendre comme larrons en foire", wadda ta kwatanta su da ɓarayi a cin kasuwa, saboda haka tana ɗauke da ƙanshin haɗa baki. Idan ana maganar mutanen kirki, "s'entendre à merveille" ta fi aminci.

Kashi na uku, wanda ya fi yawa, shi ne inda za a bar hoton a ɗauki ma'anar kawai:

(32) get rid of / se débarrasser de / rabu da, kawar da
(33) get along with / bien s'entendre avec / jitu da
(34) get over an illness / se remettre d'une maladie / murmure
(35) get by / se débrouiller, s'en sortir / lallaɓa
(36) get away with it / s'en tirer impunément / ci bulus
(37) get one's own back / se venger / rama
(38) get down to work / se mettre au travail / duƙufa
(39) get in touch with / prendre contact avec / tuntuɓa
(40) get cold feet / reculer, se dégonfler / ja da baya

Misali na (40) ya isa gargaɗi. Wanda ya rubuta "avoir froid aux pieds" ya ce ne kawai ƙafafun mutumin sun yi sanyi, sai a nemo masa safa. Haka kuma "get lost" da aka gani a 3.3 da ma'anar ɓata hanya, idan aka faɗe ta da tsawa kora ce: "va-t'en" ko "fiche le camp", wato ɓace mini da gani.

4.1 Matakin Harshe

Samun ma'ana daidai bai wadatar ba, sai an duba wa ake yi wa magana. "Get" kalma ce ta hira, Ingilishin ofis yakan kauce mata. Faransanci kuwa yana da tsauri wajen bambance maganar abokai da ta hukuma. "Get the sack" a rahoton ofis "être licencié" ce, a majalisar abokai "se faire virer". "He got five years" a bakin alƙali "il a été condamné à cinq ans de prison", a bakin maƙwabci "il a pris cinq ans". "Je ne comprends pas" ta dace da ko'ina, "je ne pige pas" kuwa ba a faɗa wa malami ko shugaba. Bahaushen da ya san bambancin "ya rasu" da "ya mutu" da "ya sheƙa barzahu" ba zai sha wuyar gane wannan ba.

5.0 Misalin Aiki a Aji

Ga ɗan gajeren labari mai "get" goma da malami zai iya jarrabawa:

"Musa got up at five, got dressed and got the first bus to Kano. He got there at nine. At the bank he got angry because he could not get his money. He got a clerk to call the manager, and at last he got what he wanted. It was getting dark when he got home."

Matakin farko shi ne ɗalibai su faɗe shi da Hausa:

"Musa ya tashi da ƙarfe biyar, ya sa kaya, ya hau motar farko mai zuwa Kano. Ya isa da ƙarfe tara. A banki ya fusata saboda ya kasa cire kuɗinsa. Ya sa wani ma'aikaci ya kira manaja, daga ƙarshe dai ya sami abin da yake so. Duhu ya fara yi lokacin da ya koma gida."

Daga nan sai a nufi Faransanci:

"Musa s'est levé à cinq heures, s'est habillé et a pris le premier car pour Kano. Il y est arrivé à neuf heures. À la banque, il s'est fâché parce qu'il ne pouvait pas retirer son argent. Il a fait appeler le directeur par un employé, et il a fini par obtenir ce qu'il voulait. La nuit tombait quand il est rentré chez lui."

Faransanci ya yi amfani da aikatau goma mabambanta. "Obtenir" sau ɗaya tak ta fito, kuma a daidai wurin da "samu" ta fito a Hausa. Ɗalibin da ya ga haka da idonsa ba zai sake yarda cewa "get" tana da fassara guda ba.

6.0 Shawarwari

Na farko, masu tsara manhaja su ware wa aikatau masu fuska da yawa darasi na musamman, a jera shi bisa ginin jimla kamar yadda aka yi a sashe na 3, a fara da kalmomin alƙibla da sifofi a ƙananan azuzuwan sakandare, a bar "se faire" da salon magana zuwa manyan azuzuwa.

Na biyu, a yarje wa malami ya yi amfani da Hausa a matsayin matsaya ta tsakiya a yankunan da ita ce harshen ɗalibai. Kowane ɗalibi ya buɗe littafi mai gida uku, yana rubuta cikakkiyar jimla a kowane gida maimakon kalma tilo.

Na uku, a koyar da duba ƙamus a matsayin fasaha mai zaman kanta. Ɗalibi ya saba da karanta bayanin kalma har ƙarshe, ya kuma sake duba kalmar da ya zaɓa a ɓangaren Faransanci domin tabbatarwa. A samar wa ɗakunan karatu ƙamusun da ke haɗa Hausa da Faransanci kai tsaye, irin "Dictionnaire français-haoussa" na Bernard Caron da Ahmed H. Amfani, wanda ya fito a 1997.

Na huɗu, tun da ɗalibai suna amfani da na'urorin fassara na wayar hannu, a mayar da su abin nazari. A ba su jimla guntuwa kamar "he got it", a ga abin da na'urar za ta bayar, sannan a tattauna ko ganewa ake nufi, ko karɓa, ko kamuwa da ciwo.

Na biyar, sassan Hausa da na Faransanci a kwalejojin ilimi da jami'o'i su haɗa kai wajen horar da malamai, tare da cibiyoyi irin su Ƙauyen Koyon Faransanci da aka kafa a Badagry ta Jihar Legas a 1991. Wajen gyaran takardun jarrabawa kuma a karɓi duk fassarar da ta dace da ma'ana da matakin harshe, ko da ta saɓa wa wadda ke cikin takardar amsa.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bi diddigin "get" ta gine-gine shida da kuma salon magana, ta nuna cewa fassararta tana rataye ne a kan tambayoyi uku: me ya biyo bayanta, me ake nufi, wa kuma ake yi wa magana? An ga yadda Hausa take warware yawancin ƙullin kafin a isa Faransanci, musamman a wajen motsi da sauyin hali da sa wani aiki, an kuma ga inda ba ta warwarewa, wato a wajen "samu". Hanyar da aka bi a nan ana iya bin ta wajen nazarin "take" da "put" da "make", waɗanda su ma suke jiran irin wannan aiki daga malamai da manazarta.